Ƙashin Fiffiken Talo-talo

A ranar Juma'a, sha bakwai ga Afrilu, 1964, da ƙarfe shida da kwata na yamma, Elwood Pruitt ya hau tudun bayan gidansu tare da ƙanwarsa Nola, don su gano itacen da talo-talon daji zai kwana a kai. Washegari da asuba ne zai kai ta farautarta ta farko.

A wuyansa akwai abin kira da marigayi ubansu ya haɗa da ƙashin fiffiken macen talo-talo. Ba hura shi ake yi ba, zuƙa ake yi, sai ya fitar da kukan mace mai neman namiji. Duk mafarauci a tsaunukan Arkansas na Amurka ya san namijin ba ya zuwa sai an kira shi, ya kuma san da magariba ba a kira. Saurare kawai ake yi.

"Yaya, ba ni in gwada."

"Ke da ko fito ba ki iya ba? Sai gobe."

Ya sunkuya ɗaure takalmi, ta zare igiyar daga wuyansa, ta sa ƙashin a baki, ta zuƙa da ƙarfi. Kukan ya fita. Dajin ya yi tsit, har kwaɗin rafi. Nola ta yi tari sau ɗaya, ta ce wani sanyi ya wuce mata maƙogwaro.

Da daddare a gida, suna cin wake da burodin masara, dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Uwarsu, Verna, ta ajiye cokali. Elwood ya zaga gidan da bindiga, bai ga kowa ba. Zarginsa ya tafi kan maƙwabcinsu Harlan Tibbs, wanda suka daɗe suna jayayya da shi a kan shinge. Da safe, maimakon farauta, ya je ya same shi kwance da karayar ƙafa.

"Ni da ko bayan gida sai an riƙe ni?" in ji Harlan. "Yaro, je ka binciki gidanku."

Ya bincika. Kullum rana ta faɗi sai jifan ya dawo, duwatsun kuma jiƙaƙƙu ne, irin na ƙasan rafi. Nola ta daina kwana a gado. A kan ƙofar rumbu ake samunta a tsugune, ido buɗe. Elwood ya soma zargin ita ce, tana hukunta shi don bai kai ta farautar ba. Ya duba aljihunta, ya shinshina hannuwanta. Rannan da magariba ya riƙe hannuwan nata biyu gam, dutse ya faɗo duk da haka. Ta dube shi, ta kira shi da sunan da ubansu kaɗai ke kiransa da shi, da muryar da ba tata ba.

Verna ta aika aka ɗauko Baba Ozro, tsohon mai wa'azi wanda ya san Littafi Mai Tsarki ya kuma san saiwoyi. Ya iso da la'asar, ya zauna gaban yarinyar, bai buɗe littafin ba sai da hasken taga ya yi ja.

"Wane ne kai?" ya tambayi abin da ke jikinta.

"Wanda aka kira," in ji bakin Nola. Muryar ta yi kauri, kamar daga cikin rijiya. "Ina zaune a kwazazzabona aka yi mini muryar mace. Na zo, ba mace, sai ƙofa a buɗe. Ku kullum haka kuke, ku kira da ƙarya, ku jira da bindiga."

"Ta ina ka shiga?"

"Ta inda aka zuƙe ni."

Baba Ozro ya miƙa wa Elwood hannu. Elwood ya daɗe kafin ya cire igiyar. Ƙashin nan ne kaɗai abin da ubansa ya yi da hannunsa ya bar masa.

"Za ka fita ta inda ka shigo," in ji tsohon.

"Zan fita. Amma a mai da ni gindin itacen da aka kira ni a tudu kafin rana ta fito, kuma mai ƙashin ne zai kai ni, shi kaɗai." Bakin ya yi murmushi ya juya wajen Elwood. "Talo-talon nan mai dogon gemu da kake bi tun bara yana can. Ni na san shi."

Tsohon ya sa ƙashin a leɓen Nola, ya ce ta hura. Ta hura har jijiyoyin wuyanta suka tashi, fitila ta yi ƙasa, sannan ta faɗi jikin uwarta tana kuka da muryarta, tana cewa yunwa take ji. Baba Ozro ya toshe bakin ƙashin biyu da kakin zuma, ya miƙa wa Elwood.

"Ɗana, haƙa rami ka binne, ka juyo. Ko me ka ji a hanya, kada ka sa shi a baki."

Elwood ya fita da asuba. Verna ta ce ya bar bindigar, ya ce saboda macizai ne. Rana na fitowa suka ji harbi ɗaya daga tudu. Da hantsi ya sauko, babu igiya a wuyansa, a kafaɗarsa kuwa ga talo-talo mai gemu har yana jan ƙasa. Ya ce sa'a ce, karo suka yi. Baba Ozro ya dubi tsuntsun, ya dubi leɓen saurayin, ya ɗauki hularsa ya tafi bai tsaya cin abinci ba.

Jifa bai sake faɗowa ba. Waɗanda suka rage a gidan su ne: Verna, wadda ta sa sakata a ƙofar ɗakinta daga ciki; Nola, wadda ta warke sarai amma ba ta ƙara ce masa Yaya ba; gemun talo-talon, rataye a baranda, ba mai taɓa shi; da Elwood, wanda ke yawan cewa yana jin sanyi a maƙogwaro.