Foldar da Ta Daina Karɓar Hoto

"Babu komai, Ragnhild! Wallahi ko hoto ɗaya bai sa ba..."

Torunn ta faɗa a waya, idonta a kan kwamfuta. Ruwan sama na ta zuba a garinsu Stavanger kamar kullum, kofin da take sha ya huce tun ɗazu.

"To ki goge shi daga ranki mana," in ji yayarta. "Mama ta gaya miki, mijin da rabin shekara yana tsakiyar teku ba miji ba ne."

Maganar nan ce ta haddasa komai. A bikin cikar shekarun Mama aka yaɓa ta, a gaban masoyinta Eivind, ita kuma Torunn ba ta kare shi ba. Ya koma rijiyar man da yake aiki a teku ko sallama babu.

Amma suna da al'adarsu. Folda ɗaya gare su a intanet: kullum shi ya sa hoton teku, ita ta sa hoton tagarta. Ko sun yi faɗa ba a fasawa. Wannan karon kuwa makonni sun shuɗe, tana ta zuba nata, nasa shiru. Kira kuma girman kai ya hana, don Torunn gara ta mutu da kewa da a ce ita ta fara.

Kewar kuwa ta ci ta. Abinci ma a tsaye take ci.

Ta ajiye wayar, ta rufe foldar ta sake buɗewa. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta duba kwandon shara, ta duba ko fayilolin sun ɓoye ne. Babu.

Can a kusurwa sai ta hango wani ɗan jan ɗigo da ta daɗe tana gani tana sharewa. Ta danna.

Wurin ajiya ya cika.

Ta duba da kyau. Duk hotunan tagarta ɗauke suke da ɗigon nan, ko ɗaya bai bar kwamfutarta ba! Kenan shi ma can yana buɗewa yana ganin shiru...

Ta nemo abin da ya cinye wurin. Dogon bidiyon bikin Mama ne, wanda Ragnhild ta ɗauka, ita da hannunta ta ajiye shi nan washegari.

Ba ta ko yi shawara ba, ta goge shi.

Ta zauna ta ƙura wa foldar ido. Shiru. Har ta fara cewa dama yaudarar kanta take yi, sai hoto ya faɗo.

Teku.

Wani tekun. Teku cikin hazo, teku da rana, ƙoƙon shayinsa a bakin ƙarfe. Ashe nasa ma maƙalewa suka yi, ko rana ɗaya bai tsallake ba!

Hawaye ya ɓalle mata. Hoton ƙarshe na safiyar yau ne, kuma ba teku ba ne: jakarsa ce a ɗaure, a kanta mabuɗin gidanta, ya cire shi daga cikin mabuɗansa.

Nan take ta kira shi.

"Torunn." Muryarsa a gajiye. "Yanzu na sauka. Zan jefa miki mabuɗin a akwatin ƙofa, ba sai kin fito ba."

"Eivind, foldar ce ta cika! Na rantse kullum ina sawa... buɗe ka gani, masoyina, don Allah buɗe."

Ya shiga buɗe foldar, ƙarar ruwa na tashi ta ɓangarensa. Ta ji numfashinsa ya sauya.

"Taga... taga... Ke duk ranakun nan labulen ma ba ki buɗe ba?"

"Wa zan hango?"

Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. "Mamarki fa?"

"Na goge bidiyonta. Sauran kuma da bakina zan gaya mata, a gabanka."

"Mabuɗin fa, zuciyata?"

Ta miƙe ta yaye labulen.

"Ba a akwati ake sa shi ba. A ƙofa ake sa shi, a murɗa."