Waƙafi Uku na Dakta

Ranar da Auta ta fara zuwa teburin wani ma'aikaci a laburaren jami'a, saura kaɗan ta yi kuka. Shekara biyu tana binciken ruwan rijiyoyi, ga jerin littattafan da ta dogara da su duk ya cakuɗe mata.

Ma'aikacin ya leƙa kwamfutarta ya yi murmushi. "Da hannu kike jera su? Sannu da ƙoƙari."

"Gyara za ka yi ko dariya?"

Ya yi duka biyun. Ya ɗora mata manhajar da ke jera su da kanta, ya koya mata rubutu a fayil na intanet mai ajiye tarihin kowane gyara. Kafin wata uku ya koma kiranta Farfesata, ita kuma duk uzurin duniya a laburare yake ƙarewa.

Da maganar aurensu ta taso kuwa, Baba ya ce atafau. "Mai jera littattafai? Ga Dakta a sashenku, ɗan aminina."

Dakta ya iya durƙusa wa manya, wannan kam ba a ƙwace masa. Sai kwatsam Auta ta ji ya tura takardar bincikenta zuwa wata mujalla, da sunansa shi kaɗai. Ranta ya ɓaci matuƙa, kuma masoyinta ta fara zargi, tunda shi ya buɗe mata fayil ɗin.

Ta rubuta masa: "Kai ka ba shi? Kada ka sake kirana."

Ya amsa: "Farfesata, yi fushinki, amma duba tarihin fayil ɗin tukuna. Ba na tsoron abin da zai nuna."

Ta duba. Ashe ita da kanta ta ba Dakta izinin shiga, ranar da Baba ya ce ta bari ya duba mata. Kowane sakin layi na ɗauke da sunanta da kwanan wata. Dakta waƙafi uku kacal ya ƙara.

"Ka yafe ni," ta rubuta, kunya kamar ta nutse.

"Na yafe tun kafin ki roƙa. Tura wa editan mujallar wannan shaidar."

Ta tura. Sannan ta ɗauki kwamfutar har falo, inda Dakta ya zo gaisuwa, ta ajiye a gaban Baba.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Amma wanda ya goge sunana daga gumina, ba zan zauna a gidansa ba."

Dakta ya gyara zama. "Ai miji da mata abu ɗaya ne, Baba."

Baba ya sa tabarau ya daɗe yana karantawa. "Waƙafi uku, Dakta?" Ya juya ga 'yarsa. "Ki ce wa yaron laburaren nan ya turo magabatansa."

Takardar ta fito da sunan Auta sati biyu kafin ɗaurin aure. Ranar ɗaurin auren, Baba ya riƙe hannun angon.

"Na raina ka, ka ba ni kunya. Ka tsare mata haƙƙinta tun ba ta zama taka ba. Allah ya yi muku albarka."