Baƙon Cikin Tankar Badaru

Magariba ta kawo jiki, hayaƙin girki ya kwanta a kan Unguwar Rogo, Saudatu tana tsugune a bakin murhu tana kwashe ƙosan ƙarshe, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, ta zage su a zuci, ta ci gaba da aikinta. Na biyu ya sauka dab da kaskon. Ta kai hannu za ta jefar da shi, ta janye da sauri. Dutsen da zafi kamar daga cikin garwashi aka tsamo shi, kuma warin fetur yake yi.

Warin fetur kuwa gidan nan ya daɗe da manta shi. Mijinta Badaru direban tanka ne a da, motar ma tasa ce ta kansa. Zamanin da matatar mai ta Kaduna ke aiki, shi ke ɗauko mai ya kawo Sakkwato, ya shigo unguwa da hon mai tarwatsa kaji, yana rabon goro kamar ranar suna. Da matatar ta tsaya, abubuwa da yawa suka tsaya tare da ita. Yaran motarsa suka watse, masu tuwon bakin depo suka naɗe tabarminsu, abokan tuƙinsa wasu suka koma dakon kaya daga Legas, wasu suka koma gona. Badaru shi kaɗai ya kawo tankarsa ya girke ta a ƙofar gida, ta toshe rabin lungu, ya ce shi jira yake.

Jiran ya ci shekaru. Tayoyi suka sace, awaki suka mai da ƙarƙashinta makwanci, amma duk Juma'a sai ya wanke ta da ruwan da Saudatu ta saya a hannun 'yan ga-ruwa. Wansa Illo, mahauci mai rufin asiri, ya yi masa tayin tuƙa tirelar shanu zuwa kudu. Badaru ya tsirtar da yawu, ya ce hannun da ya riƙe sitiyarin motar mai ba zai yi dakon kashin shanu ba. Hannun nan mai daraja dai shi ne ke shiga kwanon Saudatu kullum safe ya dumbuzi ƙosai, bai taɓa tambayar wa ya sayi waken ba. Da yamma kuma ya shimfiɗa tabarma a inuwar tanka, rediyo a kunne, duk wanda ya wuce ya tare shi.

"An kusa. Wata mai zuwa za a tada matatar. Daga sama naj ji."

A cikin jiran watan nan ne autarsu Ni'imatu ta bar jami'a, ta dawo tana taya uwarta surfen wake. Saudatu ta daɗe da daina faɗa a kan maganar. Raini ne ya maye gurbin faɗan, shi kuwa ba ya bukatar ɗaga murya.

Daga ranar dutsen nan, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da ladan ya yi shiru sai jifa ta fara, ba a ganin mai yin ta. Bayan jifa aka shiga jin bugu daga cikin tankar, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida. Badaru ya ce ƙarfe ne ke hucewa bayan ya sha rana, ya ƙara da cewa mata ba su san mota ba. Ran nan kuma, yana masallaci, Saudatu ta fito zubar da toka, sai ta ji murya daga cikin ƙarfen, muryar mijinta sak, tana cewa, "Wata mai zuwa." Tokar ta zube mata a ƙafa.

Ni'imatu ce ke shanya tattasai a saman tankar, don can awaki ba sa kai wa. Wata yamma ta makara wajen kwashewa, ta hau tsanin rana tana faɗuwa. Saudatu ta ga ta tsaya a bakin murfin tankar, wanda ya yi shekaru a rufe, ga shi yau a buɗe. Yarinyar ta sunkuya ta leƙa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta sauko, ba tattasai a hannunta, kuma tafiyar ba tata ba ce. Ta wuce uwarta kamar ba ta san ta ba, ta zauna a kan tabarmar ubanta, ta dubi tankar.

"Yaushe za mu tashi?" ta ce, da muryar namiji.

Kwanaki suka wuce ba ci ba sha. Jikinta ya yi zafin da tsumman ruwa ke bushewa a goshinta kafin a ɗauke hannu. Leɓunanta suka tsage, idanunta suka faɗa. Saudatu ta ga 'yarta tana ƙonewa daga ciki kamar itacen da aka manta a murhu. Ta ce a kira malami. Badaru ya ce ciwon shawara ne ke damun yarinyar, kuma kada a tara masa jama'a a ƙofar gida ana nuna motarsa da baki. Saudatu ta miƙe. Ta sa hijabinta ta nufi Hubbare, ta dawo da Malam Junaid, wani tsoho siriri mai ruƙiyya, wanda ba ya gaggawa ko a tafiya ko a magana.

Jama'ar da Badaru ke gudu kuwa suka taru, har zaure ya cika. Malam ya sa aka kwantar da Ni'imatu a tsakar gida, uwarta ta riƙe mata kai. Ya fara karatu bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa. Inuwa ta yi tsawo, ta haɗiye tsakar gidan, yana nan yana karatu. Sai da hasken ya koma ja, yarinyar ta sandare, ta buɗe ido.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

Mutanen zaure suka dubi juna. Hausar Kaduna ce tsantsa a bakin yarinyar da ba ta taɓa wuce Gusau ba.

"Kai wane na?" in ji Malam. "Mi yak kawo ka ga ɗiyar mutane?"

"Mu mazauna wutar matata ne. Wutar nan da ke ci a kan dogon bututu dare da rana, a cikinta aka haife ni. Ranar da ta mutu muka watse, kamar yadda ma'aikatanku suka watse. Wani ya koma gidan burodi, wani maƙera. Ƙanwata tana tukubar wani mai tsire, kuma ba ta raina ba. Ni kuwa na ji wannan mutumin yana rantsuwa a bakin depo cewa gyara ne kawai, sai na shiga motarsa in jira tare da shi." Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Shekaru ina cikin duhu da sanyi, kullum yamma ina jin sa. An ce mu ne masu ruɗin mutane. To ga ɗan'adam ya ruɗe ni."

"Wutar nan ta mutu," in ji Malam. "Hita ka nemi wani wuri. Yarinyag ga ba ta yi maka komi ba, zalunci na kaka yi."

"Ba daga bakinka zan karɓa ba. Wanda ya ɗaure ni shi zai kwance ni. Ko ya dafa Alƙur'ani ya rantse wata mai zuwa ne, in ci gaba da jira a jikin 'yarsa, don jikin ya fi ƙarfen ɗumi. Ko ya faɗa da bakinsa cewa matatar ba za ta tashi ba, in kama gabana."

Malam ya ƙara karatu da ƙarfi. Muryar ta yi kururuwa, amma jini ya tsirto daga hancin Ni'imatu ya zuba a hannun uwarta. Malam ya tsaya. Ya juya ya dubi Badaru.

"Jikinta ba ya ɗaukar wani karatu. Magana guda ta, Alhaji. Hwaɗi."

Saudatu ta ɗaga kai. Ta yi zaton kafin Malam ya rufe baki mijinta zai faɗa. Sai ta ga ba 'yarsa yake kallo ba, zaure yake kallo, yana duba fuskokin mutanen da ya shekara yana tarewa a hanya. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya.

"To ai, Allah gafarta Malam, ko shekaranjiya sai da anka ce ga rediyo..."

"Alhaji," in ji Saudatu, "ɗiyarka na mutuwa bisa cinyata."

Ya sunkuyar da kai, ya yi wani gunaguni a cikin gemu.

"Ban ji ba," in ji muryar. "Da ƙarfin da kake faɗin wata mai zuwa."

"Ba ta tashi!" Badaru ya ce, kamar ana zare masa haƙori. "Ta mutu, ba ta tashi!"

Can muryar ta ce wa Badaru, a gajiye, "Madalla. Zan tafi tukubar wanka Illo, ni ba na raina sana'a. Amma ka sani, direba, ranar da na sake jin maganar wata mai zuwan nan a ƙofar gidan nan, kirana aka yi." Malam ya sa aljanin ya yi alkawari da sunan Allah, ya umarce shi ya fita. Ni'imatu ta yi atishawa, jikinta ya saki, zufa ta karyo mata. Ta ce, "Inna, ruwa," da muryarta ta da, Saudatu ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar tattasai.

Kafin ya tafi, Malam ya ce wa Badaru ya kira masu yankan ƙarfe su raba shi da motar. Badaru ya ce to.

Ni'imatu ta fara shan kunu, ta fara takawa zuwa bakin murhu. Masu yankan ƙarfe dai ba su zo ba, don ba wanda ya kira su. Badaru ya yi kwanaki a ɗaki yana jinyar mutuncinsa. Ran Juma'a Saudatu ta dawo daga niƙa ta tarar randarta ba ruwa, tankar kuwa tana ɗiga. Da yamma tabarma ta koma inuwarta, rediyo ya koma kunne. Tana tsakar gida tana kwashe ƙosai ta ji maƙwabcinsu Mustapha yana zolayarsa ta bayan katanga.

"Alhaji, ashe dai ta mutu?"

"Kai, rabu da wannan. Na dai hwaɗi don shi hita. Ba ka ji labarun yau ba? Wanga karon da gaske na. Wata mai zuwa..."

Bugu ɗaya ya fito daga cikin tankar, a hankali, cikin ladabi.

Saudatu ba ta jira na biyu ba. Ta yayyafa wa wutar ruwa, ta juye man, ta naɗe kaskonta a tsumma ta aza a kai. Ta kama hannun Ni'imatu ta ce su tafi Kwalkwalawa gidan kawun yarinyar, can ɗaliban jami'a ma suna cin ƙosai. Suka fito, suka raɓa ta ɗaya gefen lungun, nesa da ƙarfen. Badaru ya sauke rediyo daga kunne, ya bi su da kallo, baki a buɗe.

"Ke! Ina za ki da magariba? Yaushe za a ba ni tuwona?"

Ba ta tsaya ba, ba ta ko waiwaya ba.

"Wata mai zuwa," ta ce.