Tsohon Katin Tahiru Mai Hoto

Gab da magariba Tahiru mai hoto ya buɗe cikin ordinater ɗinsa, wato kwamfutar da yake haɗa bidiyo da ita. Duk Filinge an san ba a kakkaɓe-kakkaɓe a wannan lokaci. Amma mutumin da ya sayo sabon katin hoto mai giga takwas daga Yamai, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa sa'ad da ya ga dama, ba ya jiran safiya. Ya hure ƙurar shekara tara da bakinsa, ba bisimilla, ba neman gafara. Ya zare tsohon katin ya wurga bayan ɗaki, inda ake zubar da toka. An gargaɗe shi kuwa, sai dai garin nan ba a sauraron masu ilimi sai an ga gawa.

Ya kunna. Fankokin sabon katin suka tashi. Ya buɗe bidiyon wani bikin Tondikandia da yake haɗawa, sai fuskar ango ta tsage, koren zane ya ratsa ta, ekaran, fuskar na'urar, ya yi baƙi ya dawo. A lokacin tsakuwar farko ta faɗo kan kwanon ɗakin.

Kwana uku yana fama. Ya goge manhajar da ke tuƙa katin ya sa sabuwa. Ya sauya waya. Ya zare katin ya sake zaunar da shi. Abu guda ya gagare shi: kati mai giga takwas, amma da aiki ya kai shida sai na'urar ta ce wuri ya cika. Giga biyu suna nan, wani abu yana zaune a kansu. Kowace magariba kuma tsakuwa na sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ɗiyarsa Mariama, 'yar shekara goma sha shida, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarta Dijatu. Rana ta huɗu ta tsaya da ludayi a hannu.

"Baba, mi aka sa ma miya bayan gishiri?"

Ya yi dariya. Kashegari ta ɗauki bokiti ta kasa tuna hanyar famfo. Tahiru ya lura duk sanda ya matsa wa katin ya wuce shida, yarinyar na rasa wani abu. Ya lura sarai. Amma ya riga ya cika baki a kasuwa cewa bidiyon nan zai fito har a ƙirga gashin gemun ango. Ya sake matsawa. Rana ta shida Mariama ta zauna tana fuskantar bango, wani gunji yana fita daga maƙoshinta, irin na fanka.

Bayan la'asar aka ɗauko Malam Magagi daga Tabla a kan babur. Ya sa hayaƙi, ya daɗe yana karatu. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohon namiji.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Masu gida. Shekara tara muna cikin tsohon katin, ga duhu ga ɗumi, ba mu taɓa kowa ba. Wanga ya hure mu kamar ƙaiƙayi."

"Sai kunka shiga ɗiyar mutane?"

"Sabon katin munka shiga, munka raɓe ga giga biyu. Zahi kamar maƙera. Kullum yana turo muna hotuna har mu rasa wurin tsayi. In ya matse mu, nan cikin kanta muka zakuwa. Nan ma cike yake, Malam. Sai mun hidda kaya."

"Ina kayan da kunka hidda?"

"Mun zubda, kamar yadda ya zubda namu. A bar muna ita dai, ta hi kati sanyi."

Malam ya ɗaga karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Muryar ta yi ƙara, ta sauko, ta nemi sulhu: a maida tsohon katin wurinsa, kada a sake kunna na'urar tsakanin magariba da isha'i.

"Malam," Tahiru ya ce ƙasa-ƙasa, "tsohon hwa ba ya ɗaukar manyan bidiyo."

Malam Magagi ya dube shi kawai. Tahiru ya tashi ya tafi bayan ɗaki, ya durƙusa yana tonon toka da hannu har ya samo katin. Ya goge shi da bakin riga, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya mayar.

"Ku maido abin da kunka ɗauka," in ji Malam.

"Abin da ya rage mun bari."

Mariama ta yi atishawa sau uku ta kife. Kwanon ɗaki ya yi shiru.

Da safe ta tashi ta gaishe shi, ta tafi famfo ta dawo, ta ɗora koko. Tahiru ya ji ransa ya koma. Ya kunna na'urar don gwaji, ya buɗe bidiyon da ya saba gwaji da shi: Dijatu ranar wani suna, tana daka tana dariya, tana korar mai ɗauka da hannu. Hoton ƙarami ne, amma tas, babu zane ko ɗaya.

Mariama ta ajiye masa kofi, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta daɗe tana kallo.

"Baba, matar ga tana da kyau," ta ce. "Ɗiyar wa ce?"