Farin Mayafin da Ke Kusurwa

Da magariba na koma ɗakin tace fim na makaranta, zuciyata na tafasa. Washegari da safe Malam zai kalli fim ɗinmu na gama karatu, wanda ya faɗi kuwa sai maimaita shekara. Ni ce mai tacewa. Dogo ne mai kyamara, kuma Dogo bala'i ne.

A wani tsohon gida da aka daɗe da barinsa muka ɗauki fitowar ƙarshe. Ranar na ce, "Dogo, kunna fitila." Ya ce, "Haba, ai ke za ki gyara a kwamfuta." Komai ni zan gyara! Ga shi fuskar jarumarmu ta fito kore shar kamar mai ciwon ciki, rabin ɗakin kuma baƙi ƙirin. Na kira shi a waya, wai yana wajen kallon ƙwallo. Na ja tsaki na zauna.

Na fara ƙara haske. Bango ya fito, sai wata tsohuwar kujera. Saura launi. Yadda ake yi shi ne ka nemi wani abu fari a cikin hoton ka danna shi, kwamfuta ta san wannan ne fari, sai ta daidaita sauran launuka a kansa. Na duba ko'ina ban samu ba. Can a kusurwa, bayan jarumar, na hango wani farin ƙyalle. Na ɗauka cikin tarkacen Dogo ne. Na danna.

Launi ya zauna daram.

Sai fankar ɗakin ta tsaya. Na ji warin ƙasa mai danshi da na tsohon turare, warin gidan nan sak.

Ashe ƙyallen mayafi ne, kuma da mutum a ciki.

Hoton a tsaye yake, ban kunna shi ba. Amma kan ya ɗago.

"Wa ya ce ki haska ni?"

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, daga abin jin sauti da ke kunnena. Na cire na jefar. Sai muryar ta dawo bayana.

"Kun shigo min gida ba sallama. Na koma duhu na bar muku. Can ma kin biyo ni."

"Iya, wallahi Dogo ne ya ƙi kunna…"

"Hannun wa ke kan hasken yanzu?"

Wani numfashi mai sanyi ya taɓa min ƙeya.

Ban waiga ba. Na ja hasken ƙasa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Mayafin ya dusashe. Kujera ta ɓace. Duhu ya koma wurinsa.

Fanka ta ci gaba da juyawa. Da takalmi ɗaya na fita.

Da safe Malam ya tsayar da fim ɗin a gaban aji. "Wannan wane irin lalaci ne? Matsa in nuna muku yadda ake yi." Ya fara ƙara haske. Bango ya fito a babban allo, sai kujera. Warin nan ya fara tasowa.

Na fizge wayar wuta daga bango.

Yanzu ina maimaita shekara, wai don rashin kunya. Dogo ya wuce abinsa. Jiya Malam ya ce fim ɗin na nan a kwamfutarsa, in ya huta zai gyara shi a gida. Na buɗe baki zan hana shi, sai na tuna wanda ya kayar da ni. Na ce, "Allah ya taimaka, Malam."