Awon da Ya Cika Cif

Ranar Litinin da hantsi aka bugo wa Sufeto Sharhabil waya cewa an tsinci gawa a wani fili bayan Unguwar Dosa. Ya isa cikin yayyafi, don tun asuba ake ruwa. Mamacin Safiyo Lawan ne, dattijo mai awon filaye. Yana kife kusa da turken simintin da ke nuna iyaka, an fasa masa ƙeya.

Mutanen unguwa ba su jira hukuma ba. Sun riga sun cafke Idi, wani direban tifa ɗan Katsina, sun yi masa jina-jina. Gidansa ne a bakin filin, an shafa masa jan fenti. Idan awo ya tabbatar ya shiga filin wani Alhaji, ranar Alhamis katafila za ta rushe shi.

"Wallahi ranka ya daɗe, roƙonsa kawai na yi," in ji Idi yana tofar da jini. "Shekarata sha shida a gidan nan, 'ya'yana biyar a ciki."

Sufeto ya sa aka kai shi sel, don in an bar shi a nan gawa biyu za a ɗauka. Sannan ya tsuguna ya kankari gindin turken da makullin mota. Simintin sabo ne, bai yi mako ba.

Sama'ila, mataimakin mamacin, ya zo caji ofis yana kukan da ya fi na dangi.

"Yaushe kuka rabu?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ƙarfe bakwai da rabi Oga ya saita na'ura a kan rana, da ita muke gano ainihin arewa. Shi ke karantowa, ni nake rubutawa. Da muka gama ya ce in kai sakamakon ofis. Na bar shi direban nan yana ɗura masa ashar."

"Har ka kai?"

"Umarnin Oga ne, Allah ya jiƙansa."

Sufeto ya karɓe littafin awon. Ya juya shi sama da ƙasa, lambobi ne zube kamar gero, bai fahimci ko ɗaya ba.

Ranar Laraba ya kai littafin Badarawa, gidan makoki, wajen Mansura 'yar mamacin, wadda ta karanci sana'ar ubanta. Ta yi rabin awa tana lissafi, sannan ta ɗago jajayen idanu.

"Wannan ba awon Baba ba ne."

"Ai Sama'ila ke rubutawa."

"Na sani, Yallaɓai. Amma in ka zagaya fili da na'ura ka dawo inda ka faro, lissafi ba ya taɓa cika cif. Hannu yana rawa, ido yana kuskure, zafi yana miƙa tef ɗin awo. Dole a sami ɗan bambanci, sai a raba shi a kan kusurwoyin. Nan ko ɗigo babu. Wanda ya rubuta wannan daga amsar ya faro, yana zaune a kan kujera."

Ta shiga ɗakin mahaifinta ta fito da hoton sama na unguwar, wanda jirgi marar matuƙi ya ɗauka bara. Ta aza ma'auni a kai. A hoton, turken yana mita huɗu nesa da katangar Idi. Yanzu kuwa ya wuce ƙofar gidan, ya ci rabinsa.

Sufeto ya garzaya ofishin masu rusau. Mai sa hannu yana taro, mataimakinsa ya tafi salla, sakatare kuma ya ce a rubuto a takarda. Ya rubuta, aka buga mata hatimi, aka jefa ta a tire. Ya fito ransa a ɓace, don ya san irin barcin da takarda ke yi a tiren nan.

Sai da safiyar Alhamis aka kamo Sama'ila a tashar mota da jaka a kafaɗa.

"Ka ce ƙarfe bakwai da rabi kuka auna rana?"

"Ga shi nan a rubuce."

"A ina kuka samo ta? Ranar Litinin ban ga inuwata ba sai bayan azahar."

Sama'ila ya sake fashewa da kuka. Sufeto ya tura masa hoton, ya gaya masa abin da Mansura ta gani a lissafinsa. Kukan ya ɗauke cak.

"Alhaji ya yi mini alƙawarin fuloti," ya ce. "Ranar Asabar na tono turken na matsar. Oga ya duba hoton ya gane, ya ce zai kai ni ƙara. Shekara sha tara ina ɗaukar masa ƙafafun na'ura, ko kango ba ni da shi. Da ya sunkuya, gudumar kafa turke tana hannuna."

"Idi fa? Da 'ya'yansa biyar?"

"Shi ma ya ɗanɗana gidan haya mana." Ya kalli agogon bango, ya yi murmushi. "Sha ɗaya ta wuce, Yallaɓai. Direban katafilar nan sammako yake yi."

Sufeto ya bugo wa kofur ɗin da ya tura unguwar. Kofur ya ce tun tara aka gama, matar Idi tana tsintar kwanuka a cikin ɓaraguzai.

Aka sa wa Sama'ila ankwa. Ana tura shi sel, ana fito da Idi dafe da haƙarƙari. Idi ya durƙusa ya kama hannun Sufeto da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Bari in je gida in yi wanka, yara sun kwana uku ba su gan ni ba."

Sufeto ya ɗago shi. Ya miƙa masa takalmansa.