Gawayin Da Ramlatou Ta Hura

"Mashud... don Allah ka dawo."

Cikin raɗa Ramlatou ta faɗa, tana maƙale a lungun kicin da waya a kunne, ɗaya hannun cikin hammata.

"Lafiya, rabin raina?"

"Mu ma kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki."

Ta ji ya ja dogon numfashi.

"Mma fa?"

"Tana ɗakina. Ta ce wai dumso, ɗaukewar wutar nan ta Gana, ya biyo ta daga Kumasi har Amurka... daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Itace ya faɗo ya tare hanya, 'yan sanda sun hana wucewa. Ana buɗewa zan taho. Ki riƙe min ita amana, kin ji? Gwiwoyinta ba sa shiri da sanyi."

"Ka san ko ganina ba ta son yi."

"Ba ta san ki ba ne, ƙalbina. Yau za ta sani."

Tun jiya ake zuba ruwan nan mai daskarewa a Greensboro. Duk abin da ya taɓa sai ya sa masa rigar gilashi, rassan itatuwa kuwa sai karyewa suke suna tafiya da wayoyin wuta. Gidan su Mashud na wajen Wendover ne ya fara shiga duhu, famfo ya fashe a kai. Shi ya sa da hantsi ya lallaɓo da mahaifiyarsa, Hajiya Jimmai, zuwa ɗan tsohon gidan da Ramlatou ke haya a unguwar Glenwood, ya koma ya tare ruwa. Ƙawar da Ramlatou ke zaune tare da ita ta yi tafiya. Ga Ramlatou, ga matar da ta rantse ɗanta ba zai aure ta ba, gida kuma sai ƙara sanyi yake.

Laifin Ramlatou a wurin Hajiya ɗaya ne, wai girman kai.

Alhali kuwa kunya ce. 'Yar Damagaram ce, wato Zinder, ta gidan tarbiyya, inda yarinya ba ta haɗa ido da uwar saurayinta, ba ta ci a gabanta, ba ta zama ɗakin da take. Ita kuwa Hajiya mutuniyar zangon Kumasi ce, a wurinsu yarinyar kirki ita ce mai shigowa da fara'a, ta zauna a yi hira, a yi dariya har da tafa hannu. Sai aka samu Abena, ɗiyar ƙawar Hajiya da ke zaune da iyayenta a Irving Park, wadda ta daɗe da kafa wa Mashud ido, ta yi wa shirun nan fassarar da ta ga dama. Ta ce 'yar jami'a ce mai raina mutane, takardun zama kawai take nema. Hajiya ta hau ta zauna.

Ramlatou ta kwashe duk bargunan gidan ta kai ɗaki, har da rigar sanyinta guda ɗaya tilo. Duk da haka tana jiyo tarin tsohuwar ta bango, da ɗan nishin da take yi in ta motsa ƙafa. Zuciyarta ta karye. A nan idonta ya faɗa kan ɗan murhun ƙarfen da take dafa shayi da shi a baranda, ga ragowar gawayi a leda.

Murna ta kama ta kamar ta tsinci zinariya.

Haka kakarta ke yi a Zinder in ɗari ya sauka: a cika kasko da garwashi a kai wa babba ɗaki, yara su yi ta kansu. Abin da Ramlatou ba ta tsaya ta tuna ba, ɗakin kakarta labule ne a ƙofarsa, iska na shiga tana fita yadda take so. Sanyinta na farko ke nan a ƙasar, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata komai.

Ta hura gawayin a baranda har ya yi jawur, ta barbaɗa turaren wuta na ajiya, ta yi sallama ta shiga a durƙushe.

Hajiya ta ɗago daga cikin barguna, ta dubi wutar, ta dubi yarinyar da ke rawar ɗari cikin 'yar doguwar riga.

"Ke fa? Ba kya jin sanyin ne?"

"A'a, Hajiya."

"To zauna mana."

Kai a ƙasa Ramlatou ta girgiza shi, ta ja da baya ta fice. Ta ji tsakin da ya biyo ta. Ta ja ƙofa ta rufe ruf, kuma don kada ɗumin ya tsere, ta naɗe tawul ta toshe ƙasan ƙofar da kyau. Sannan ta koma falo ta dunƙule cikin darduma, haƙoranta na haɗuwa, amma ranta fes. Yau dai ta yi abin kirki.

Bayan wani lokaci ta haɗa shayi da ruwan zafin da ya rage a fulas, ta tsaya bakin ƙofa.

"Salamu alaikum... Hajiya?"

Shiru.

Ta ƙara. Shiru.

Hawaye ya cika mata ido. Wato ko amsa sallamarta ma an daina. A gidansu kuwa ba a faɗa wa babba ɗaki sai ya ce a shigo, balle suruka. Ta juya da tirenta, ta koma ta zauna tana tausayin kanta, baiwar Allah, tana lissafin irin wulaƙancin da ake sha a kan so.

Sai da ta idar da la'asar abin ya faɗo mata. Hajiya ba ta fito alwala ba. Matar da Mashud ke cewa ko a filin jirgi ba ta bari lokaci ya wuce ta.

Gabanta ya yanke ya faɗi.

Ba ta san sanda ta banka ƙofar ba. Wani nauyi ya daki kanta nan take. Hajiya na kwance a karkace, hannu ɗaya na lilo a gefen gado, ido a lumshe.

"Hajiya! Hajiya, ki tashi!"

Yarinyar da ba ta taɓa kallon fuskar matar nan ba, yau ita ce ta cakumi kafaɗunta tana jijjigawa, tana bubbuga mata kumatu. Ta tura hannu ƙarƙashin hammatarta ta ja ta ƙasa, ta ja ta tsakar falo, ta ja ta har baranda kan ƙanƙara. Ɗankwalin Hajiya ya zame, nata ma ya tafi, ƙafarta ba takalmi. Da ɗan cajin da ya rage a wayarta ta kira motar asibiti, Turancinta da Faransancinta suka cakuɗe, amma aka gane.

'Yan kwana-kwana ne suka fara isowa. Ɗaya ya shiga ya fito da murhun a hannu, ya dube ta ba tare da faɗa ba. Da ma ya yi faɗan, da ya fi mata sauƙi. A hankali ya ce gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, ba wari ba launi, mutum barci kawai zai ji ya wuce. Ya ɗago tawul ɗin ya tambaya wa ya toshe ƙofar.

Ramlatou ta ji ina ma ƙasa ta tsage.

A asibiti an duba ta an sallame ta, ta rakuɓe a kusurwar ɗakin da aka kwantar da Hajiya, an sa wa tsohuwar abin shaƙar iska a hanci. Mashud ya shigo a guje, wandonsa jiƙe har gwiwa. Bayansa Abena ce cikin doguwar rigar sanyi mai gashi, ƙamshinta ya riga ta shiga.

"Oh my God, Anti..." Ta dafa gadon, sannan ta juyo. "Charcoal? A cikin bedroom? Ko yaron kindergarten ya san wannan. Mashud, I'm sorry, amma an ce har ƙofa aka toshe. Mutum ya san wa ke hana shi aure, kuma a bar su su biyu a gida..."

"Abena, ya isa."

"Tambaya kawai nake. Wa ya kunna?"

Mashud ya juyo ya dubi Ramlatou. Ba zargi a idonsa, roƙo ne, kuma shi ya fi ci mata rai. Ta buɗe baki.

"Ni ce na..."

"Ni na kunna."

Muryar ta fito a dishe daga kan gado. Hajiya ta janye abin hancin, idonta a kan silin.

"Sanyi ya ishe ni, na ga kurfotin gawayi a baranda, na ɗauka na hura abina. Ni na toshe ƙofa. Yarinyar nan tana falo, ba ta sani ba. Da ba ta ja ni waje kamar buhun gari ba, da yanzu wanka ake min."

"Amma Anti..."

"Abena, ki gaida mamanki. Ki ce na gode. Hanya ba kyau, ki tafi tun da sauran haske."

Ramlatou ba ta iya tsayawa ganin fitar Abena ba. Ta riga ta ficewa, ta samu bango a baranda ta jingina goshi, kuka ya ƙwace mata. Kunyar ɗazu ta tarbiyya ce, tana da daɗin ɗauka. Wannan kuwa ta wanda ya yi ɓarna ce aka rufa masa asiri, kuma wanda ya cutar ɗin ne ya rufa.

Ta ji tsayuwarsa a bayanta. Ya cire jaket ɗinsa ya ɗora mata a kafaɗa.

"Mashud, ni ce. Wallahi ni ce na hura, ni na toshe..."

"Na sani."

Ta juyo.

"Mma da ba ta iya durƙusawa ta ɗaure takalmi, ita za ta toshe ƙasan ƙofa?" Ya share ido da bayan hannu. "Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi ƙarya ba sai yau."

"Ka bar ni in tafi. Da wane ido zan ƙara kallonta? Na kusa raba ka da mahaifiyarka... ka auri wadda ta san ƙasar nan, ni ban san komai ba."

"Laifina ne da ban gaya miki ba, ni da na daɗe a nan. Kuma ba ni zan sallame ki ba, rabin raina. Ita ta ce in kira ki. Ke kaɗai."

Ta shiga kamar mai taka ƙaya, ta zube a bakin ƙofa.

"Matso."

Ta ɗan matsa.

"Ke, ni fa ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Nan, kan gado."

Ta zauna a ɗofane a gefen katifa, tana kallon yatsun ƙafarta.

"Hajiya, ki yafe min..."

"Kin zo ƙofa kin yi sallama, ko? Na ji ki sama-sama, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina ta cewa a raina, Allah Ka sa yarinyar nan ta yi rashin kunya sau ɗaya."

Kukan Ramlatou ya ƙaru.

"Wuta guda a gidan, kika kawo min. Riga guda, kika lulluɓa min, kika ce ba kya jin sanyi alhali haƙoranki na kaɗawa. Mai girman kai ba ta yin haka. Ni ce na saurari maganar banza." Ta yi tari, ta huta. "Ni ma da na ga wutar murna na yi, har albarka na sa miki a zuci. Jahilcin namu ne mu biyu, sai mu raba shi. Amma a waje nawa ne ni kaɗai. Tsohuwa in ta yi wauta dariya za a yi a manta. Ke kuwa da shi za a riƙa kiranki a garin nan har ki yi jika."

Hannu mai sanyi ya kamo haɓar Ramlatou ya ɗago ta. Karo na farko suka dubi juna ido cikin ido, ba wadda ta kauce.

"Ashe ma kyakkyawa ce, ake ta nuna min tsakar ka."

Murmushi ya suɓuce wa Ramlatou cikin hawaye.

"Babanki yana da rai?"

"Yana nan, Hajiya. A Zinder."

"To leƙa ki ce wa wancan mai laɓe a ƙofa ya shigo da wayarsa. Zan yi magana da mutumin nan tun muryata na a dishe, ya ji tausayina ya ba ni 'yarsa."